Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Yadda Babba Kan Bar Aikinsa Ya Shiga Makarantar Likitancin Ƙafa a Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani rukunin likitoci waɗanda tun daga ranar da suka shiga makaranta har ranar da za su ajiye aiki, ba su da abin dubawa sai ƙafa da idon sawu. Fanninsu shi ake kira fodiyatiri, wato likitancin ƙafa, digirin da ake ba su kuma ana taƙaita sunansa da haruffan DPM. Suna duba majiyyaci, su rubuta magani, su karanta hoton ƙashi, su kuma yi tiyata, gwargwadon iyakar da dokar kowace jiha ta shata musu. Daga cikin masu neman shiga makarantunsu a kowace shekara, ba duka ne samari da 'yan matan da suka fito daga jami'a jiya-jiya ba. Akwai malamin makaranta, akwai nas, akwai akanta, akwai tsohon soja, mutanen da suka shafe shekaru suna cin abinci da wata sana'a kafin su juyo. Wannan maƙala za ta dubi hanyar da irin waɗannan kan bi, da kuma kimiyyar da ke jiran su in sun shiga.

Ƙafa ba ƙaramar aba ba ce

Mai karatu zai iya tambaya: ina dalilin keɓe wa ƙafa makaranta guda? Amsar tana cikin ƙirar ƙafar kanta. Kowace ƙafa tana da ƙasusuwa 26: guda 7 a baya, waɗanda suka haɗa da ƙashin dunduniya da wanda ke ɗauke da ƙwauri, guda 5 dogaye a tsakiya, sannan guda 14 a yatsu. Ƙafafu biyu ke nan suna da 52, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi. Akwai kuma gaɓoɓi 33, da tsokoki da jijiyoyin ɗauri fiye da 100. Agara, wadda ta haɗa tsokar sha-raɓa da dunduniya, ita ce mafi ƙarfi a irinta duk jiki.

Abin sha'awa shi ne ƙafa tana yin ayyuka biyu masu karo da juna a cikin taku ɗaya. Lokacin da dunduniya ta sauka ƙasa, dole ƙafa ta yi laushi, ta ɗan baje, don ta shanye bugun nauyin jiki. Kafin ƙiftawar ido kuma, dole ta sandare ta zama kamar gora, don ta tunkuɗa jiki gaba. Sirrin wannan yana ga wani tantani mai kauri da ya miƙe a tafin ƙafa daga dunduniya zuwa gindin yatsu. Idan aka ɗaga dunduniya, babban yatsa yakan lanƙwashe sama, sai ya ja wannan tantani kamar yadda ake naɗe igiyar guga a jikin ƙarfe. Da ya ɗaure, sai kwarin tafin ƙafa ya ƙara tashi, ƙasusuwan su cije da juna. Wani likita Bature mai suna Hicks ne ya bayyana wannan a 1954. Ɗalibi na iya gwadawa a ɗaki: ya zauna, ya ja babban yatsansa sama da hannu, ya shafa tafin ƙafar, zai ji igiyar ta miƙe tsaf. A lokacin gudu, ƙarfin da ke sauka kan ƙafa yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin mutum, kuma haka za ta yi ta ɗauka sau dubbai a yini.

Abin da ya fi ba wannan fanni muhimmanci a yau, duk da haka, shi ne ciwon sukari. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi. Idan sukari ya daɗe da yawa a cikin jini, yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji, kuma mafi tsawonsu, waɗanda suka gangara har yatsun ƙafa, su ne kan fara mutuwa. Haka kuma yakan taimaka wajen ƙuntata hanyoyin jini. Sakamakon shi ne ƙafar da ba ta jin zafi, wadda kuma in ta ji ciwo ba ta warkewa da wuri. Tsakuwa na iya kwana cikin takalmi ba a sani ba.

A nan fizikis ke shigowa. Matsi shi ne nauyi a raba da faɗin wurin da ya sauka. A ɗauka mutum mai kilo 70 ya tsaya da ƙafa ɗaya, nauyin ya bazu a faɗin santimita 100 murabba'i: kowace santimita tana ɗauke da kilo 0.7. Idan yatsu suka karkace, ko kanta ta fito, har nauyin ya tattaru a santimita 10 kacal, to kowace tana ɗauke da kilo 7, ninki goma ke nan. Mai lafiya zai ji zafi ya sauya taku ko ya cire takalmin. Wanda jijiyarsa ta mutu kuwa zai ci gaba da takawa, naman da ke ƙarƙashin kantar ya farfashe, ya zama gyambo. Wani nazari da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin ɗari na masu ciwon sukari za su gamu da gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma cikin waɗanda suka warke, kimanin kashi 40 cikin ɗari yakan dawo musu kafin shekara ta zagayo. Mafi yawan yanke ƙafar da ake yi wa masu sukari, da irin wannan gyambo yake farawa. Kayan gwajin farko kuwa ba wani na'ura ba ne mai tsada. Zare ne na roba, kamar igiyar fatsa, wanda aka yi shi ya lanƙwashe idan aka danna shi da nauyin giram 10. Wanda bai ji taɓawarsa a tafin ƙafa ba, yana cikin haɗari.

Daga yankan kanta zuwa tiyata

Asalin sana'ar ba shi da wani kwarjini. A Turai ta ƙarni na 18 masu ita sukan bi tituna ne suna yanke wa mutane kanta da farce, kusan kamar masu yankan farce da ke zagaya kasuwannin Kano da Zariya da almakashinsu. A ƙarni na 19 ne wasu suka fara ɗaukaka. Lewis Durlacher, wanda ya kula da ƙafafun sarakunan Ingila har zuwa Sarauniya Biktoriya, ya wallafa littafi a kan cututtukan ƙafa a 1845. Shugaba Abraham Lincoln na Amurka shi ma yana da nasa mai duba ƙafa, Isachar Zacharie. Makarantar farko a Amurka an buɗe ta ne a birnin Niyok a 1911, sai ta Shikago a 1912, shekarar da aka kafa ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa. Zuwa 2023 makarantun sun kai 11, na baya-bayan nan su ne ta Teksas, wadda ta ɗauki ɗalibanta na farko a 2022, da ta garin Erie a jihar Fensilbeniya.

Fannin ya daɗe da sanin masu shigowa ta wata ƙofa. William Scholl, wanda ya kafa makarantar Shikago, a kantin takalma yake aiki da rana, yana karatun likita da dare, kuma ganin wahalar da masu sayen takalma ke sha ne ya ja hankalinsa ga ƙafa. Misalin da ya fi wannan armashi shi ne na Paul Brand, ko da yake shi likitan tiyata ne, ba mai digirin DPM ba. Kafin ya karanta likitanci a Landan, sai da ya shafe shekaru yana koyon gini da kafinta. Ya koma Indiya a 1946, inda ya yi aiki da masu kuturta a garin Vellore, ya nuna cewa ba cutar ce ke cinye yatsunsu kai tsaye ba, a'a, rashin jin zafi ne ke sa su yi ta ji wa kansu ciwo a wuri ɗaya. Da ya koma Carville a jihar Luwiziyana a 1966, sai aka ɗauki wannan fahimta aka ɗora a kan ƙafar mai sukari. Filastar da ke bin siffar ƙafa sak, ta rarraba nauyi don gyambo ya huta, wadda ya yaɗa amfani da ita, har yanzu tana cikin mafi ingancin hanyoyin warkar da gyambon tafin ƙafa. Ba abin mamaki ba ne a ce magini ne ya fi kowa saurin tambayar inda nauyi ke sauka.

Sharuɗɗan shiga

A Amurka ba a shiga karatun likita daga sakandare. Sai mutum ya yi jami'a tukuna. Mafi ƙarancin abin da makarantun likitancin ƙafa ke nema shi ne awa 90 ta karatun jami'a, kimanin shekara uku, amma kusan duk waɗanda ake ɗauka sun riga sun kammala digirin farko. Ba a damu da fannin digirin ba. Mai tarihi da mai lissafin kuɗi duk suna iya nema. Abin da ba a ɗaga ƙafa a kansa shi ne wasu darussa: awa 8 ta bayoloji, 8 ta kemistiri na gama-gari, 8 ta kemistirin sinadarai masu kabon, 8 ta fizikis, kowanne tare da aikin ɗakin gwaje-gwaje, da kuma awa 6 ta Ingilishi. Wasu makarantun suna neman fiye da haka.

Ga ɗalibin bayoloji ɗan shekara 22, waɗannan ya riga ya yi su a hanya. Ga akantan da rabonsa da kemistiri tun sakandare, nan ne dutsen farko. Darussan ba a iya haɗiye su lokaci guda, domin kemistirin kabon a kan na gama-gari aka gina shi, kuma kowanne yana cin zango biyu. Wanda ke aiki da rana yana zuwa aji da yamma, da wuya ya gama cikin ƙasa da shekara biyu. Jami'o'i da dama suna da shiri na musamman don irin waɗannan masu digiri, wasu kuma kan yi darussan ɗaya bayan ɗaya a kwalejojin da ke kusa da su, inda kuɗi ya fi sauƙi. Wanda ya taɓa yin darussan shekaru goma sha da suka wuce, ya kamata ya tambayi kowace makaranta ko tana karɓar tsofaffi kafin ya dogara da su.

Akwai wani lissafi da kan ba mutane mamaki. Ana auna ƙwazon ɗalibi da matsakaicin maki wanda ƙololuwarsa 4.0, kuma cibiyar da ke karɓar takardun nema, AACPMAS, tana tattara duk darasin da mutum ya taɓa yi a jami'a, har da waɗanda ya yi wasa da su yana ɗan shekara 19. A ɗauka wani ya gama digiri mai awa 120 da matsakaicin 2.6, sannan ya dawo da girmansa ya yi awa 40 da 3.8. Jimlar makin farko 312, ta biyu 152, duka 464, a raba da 160: an sami 2.9. Wato shekara biyu ta ƙoƙari matuƙa ba ta ɗaga shi ko zuwa 3.0 ba. Sai dai kuma ana fitar da matsakaicin darussan kimiyya daban, kuma wanda bai yi kimiyya a da ba, sababbin darussansa ne za su mamaye wannan lissafi. Masu tantancewa suna ganin wace shekara aka ci wane maki. Hawa daga 2.6 zuwa 3.8 labari ne da ake karantawa a kan takarda ba sai an faɗa ba.

Daga nan sai jarrabawar MCAT, wadda masu neman karatun likitanci na gama-gari ma ke yi. Tun daga 2015 tana da sassa huɗu: kemistiri da fizikis, bayoloji da kemistirin jiki, ilimin halayyar ɗan'adam da zamantakewa, sannan nazarin rubutu da tunani. Tambayoyi 230 ne, ana kwashe kimanin awa bakwai da rabi a zaune, makin kuma daga 472 ne zuwa 528, tsakiyarsa 500. Yawancin makarantu ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara uku, saboda haka yin ta da wuri ba dabara ba ce. A sashen nazarin rubutu, wanda ba ya buƙatar haddar komai, wanda ya yi shekaru yana karanta rahotanni da takardun yarjejeniya a ofis ba ya jin tsoron yaro.

Sharaɗin da ya fi kowanne amfani ga mai neman da kansa shi ne bin likitan ƙafa wurin aiki, a tsaya a gefe a kalla, sannan a sami wasiƙar shaida daga gare shi. Gani ya kori ji. Wanda ya yi zaton tiyatar 'yan ƙwallo zai riƙa yi kullum, zai tarar da cewa babban kaso na aikin shi ne kankare mataccen nama daga gyambo mai wari, da cire farcen da ya shige nama, da lallashin dattijon da ya ƙi barin takalmin da ke kashe masa ƙafa. Wannan gwaji ya zama tilas saboda wani dalili: mai digirin likitanci na gama-gari yana iya zaɓar fanni daga baya, yara ko ido ko ƙwaƙwalwa, amma mai DPM ya riga ya zaɓa tun ranar farko. In ya gane bayan shekara biyu cewa ƙafa ba ta kwanta masa ba, babu wata ƙofa a gefe. Sai dai ya fita da bashinsa.

Ana buɗe karɓar takardu a watan Agusta, a rufe a ƙarshen Yunin shekara mai zuwa, amma makarantun ba sa jiran ranar rufewa. Suna kiran mutane ganawa suna ba da gurbi tun da fari, har kujeru su ƙare. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. A wurin ganawar, tambayar da babba ba zai kauce mata ba ita ce: me ya sa yanzu, kuma me ya sa ƙafa? Wanda ya ce ya gaji da tsohon aikinsa ne, bai amsa komai ba, tun da gajiya ba ta nuna inda za a dosa. Dokar Amurka ta 1975 ta haramta nuna bambancin shekaru a cibiyoyin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, don haka ba za a ce masa ya tsufa ba. Amma doka ba ta hana a tambaye shi yadda zai yi da iyali da kuɗi ba a zuci.

Lissafin shekaru da na aljihu

A ɗauki mai shekara 34. Shekara biyu ta darussan share fage, ɗaya ta jarrabawa da nema, huɗu ta makaranta, uku ta horon ƙwarewa a asibiti: shekara goma cif. Zai fara cin gashin kansa yana da 44. Shekara biyun farko a makaranta na aji ne da ɗakin gwaje-gwaje, inda ake koyon jiki gaba ɗaya, har da feɗe gawa, da ilimin ƙwayoyin cuta da na magunguna, domin ƙafa ba a rabe take da zuciya da ƙoda ba. A wasu jami'o'in ma tare suke zama aji da sauran ɗaliban likitanci. Biyun ƙarshe na zagayen asibitoci ne, wasu a wata jiha daban, abin da kan yi wa mai 'ya'ya a makaranta wuya. Akwai kuma jarrabawar lasisi ta ƙasa mai matakai uku. A shekarun horo ana biyan albashi, amma ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da awoyin aikin.

Kuɗin makaranta dubban goma-goma ne na daloli a kowace shekara, ban da ci da sha da haya, kuma yawanci da rance ake biya. Wata doka da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2025 ta ƙayyade rancen gwamnatin tarayya ga sababbin ɗaliban irin waɗannan fannoni, daga 1 ga Yuli 2026, a kan dala 50,000 a shekara da dala 200,000 gaba ɗaya. Baƙon ɗalibi daga wata ƙasa ba ya cikin masu samun wannan rance ko kaɗan. Ga babba, asarar da ba a rubuta ta a takarda ita ce albashin shekara bakwai ko fiye da ya bari, ga kuma shekarun biyan bashin sun fi na yaro gajarta. Wannan shi ya sa shawarar ba ta mutum ɗaya ba ce; ta gida ce.

A Ingila hanyar ta fi gajarta. Digirin farko ne na shekara uku, ko na biyu na shekara biyu ga mai digirin da ya dangance shi, kuma babban da ba shi da takardun sakandare na kimiyya yana iya yin wata difloma ta share fage. Sai dai tiyatar ƙashi tana buƙatar ƙarin horo mai tsawo a can. A Afirka ta Kudu, Jami'ar Johannesburg na koyar da fannin. A Nijeriya kuwa, yawancin wannan aiki ya rataya ne a wuyan likitocin ciwon sukari da nas-nas da likitocin ƙashi, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma sau da yawa majiyyaci kan iso ne bayan gyambo ya riga ya kai ga ƙashi.

Shin ƙwaƙwalwar babba za ta ɗauka?

Wannan ita ce fargabar da aka fi ɓoyewa, kuma kimiyya tana da abin cewa a kai. Gaskiya ne saurin sarrafa sabon bayani yakan fara raguwa a hankali tun mutum bai kai 30 ba. Amma tarin kalmomi da sanin da aka gina da gogewa sukan ci gaba da ƙaruwa har cikin shekaru 60. Ƙwaƙwalwar baligi kuma ba busasshen yumɓu ba ce. A 2000, Eleanor Maguire da abokan aikinta a Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na birnin, waɗanda dole su haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, suka tarar da ɓangaren baya na wani sashe mai suna hifokamfus, mai kula da tunawa da sanin hanya, ya fi na sauran mutane girma. Don a kawar da zaton cewa da haka aka haife su, sai aka bi wasu masu koyo daga farkon horo zuwa ƙarshe, aka buga sakamakon a 2011: sashen ya ƙaru ga waɗanda suka ci jarrabawar, bai ƙaru ba ga waɗanda suka faɗi ko suka janye. Dukkansu manya ne.

Hanyar karatun ma tana da tasiri, kuma a nan darasin ya shafi ɗan sakandare kamar yadda ya shafi magidanci. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne a awoyi da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa da tazara tsakani ta fi tara karatu a dare ɗaya. Binciken baya ya ƙara da cewa rufe littafi a yi ƙoƙarin tuno abu ya fi sake karanta shi. Mai aiki da iyali, wanda ba shi da sai minti arba'in bayan asuba da wasu arba'in bayan yara sun kwanta, dole ta sa shi rarraba karatunsa yadda ƙwaƙwalwa ta fi so. Abin da ya fi yi masa barazana shi ne rashin barci, tun da a cikin barci ne hifokamfus ke miƙa abin da aka koya da rana zuwa ma'ajiya mai ɗorewa. Jiki kuma yana da nasa sauyin: daga wajen shekara 40 zuwa 45 madubin cikin ido yakan fara taurara, ganin kusa ya yi wuya, daidai lokacin da ɗalibin namu na misali yake koyon ɗinke jijiya a ɗakin tiyata. Wannan kam tabarau ke maganinsa, kuma likitocin tiyata da dama, yara da manya, da gilashin ƙara girma suke aiki tun da ma.